Bakin Kwalba

A Gombe, bayan tashar jirgin ƙasa,
inda dogo ya yi tsatsa, ciyawa ta haɗiye shi,
nan rumfar facin Baba Jatau take.
Da rana taya da gam da famfo.
In an sallame isha, gari ya lafa,
sai ya sauko da jita daga ƙusa.

Wani direban jirgi ne ya bar ta jingina
kan sule goma sha biyar, bai waiwayo ba.
Da tsirkiya shida ta zo duniya,
biyar suka rage, biyu wayar birkin keke ce.
Ya ɗaure ta yadda ake ɗaure molo,
don ba wanda ya ce masa ba haka ake yi ba.

Tayar tirela ta fashe masa wata Laraba,
ta tafi da yatsu biyu na hagu.
Bai yi zaman makokinsu ba.
Ya fasa kwalbar maganin tari,
ya goge bakinta a dutse har ya yi sumul,
ya zura a ɗan ƙuri.

Babban yatsan dama na tafe a ƙasa,
kamar jaki mai komawa gida,
ba sauri, ba tsayawa.
Manuni na sama yana tsokana.
In kwalba ta zame a kan waya
sai ka ji ƙofar ɗakin da aka daɗe da rufewa,
sai ka ji uwa na kiran ɗa daga hayin kwari,
muryar ta iso, ɗan bai iso ba.

Kullum a makare yake faɗa wa kiɗa,
kamar mai bashi da ya zo da rabin kuɗi.
Yakan bar rami a tsakiya,
shiru mai tsawon haɗiyar yawu.
Na ce, Baba, ka manta ne?
Ya ce, nan ne kai za ka zuba naka.

Ba ya kiran sunan kowa,
don haka ba wanda ya liƙa masa ko ficika.
Masu kalangu suka ce ba ɗan gado ba ne.
Masu otal a Sabon Layi suka ce yana kashe ciniki,
mutum ya zo mantuwa, shi yana tuna masa.
Wani mai naɗar sauti ya zo da akwati,
ya saurara, ya duba agogo,
ya ce ai ba a rawa da wannan.

Mu ne jama'arsa:
ni mai riƙe aci-balbal,
Ɗanliti mai shayi, maigadin sito,
da Goggo Tabawa mai ƙosai
da ke cewa surutu ne, amma ba ta tashi.

Kaset ɗaya tak Ɗanliti ya ɗauka.
Yara suka zare hanjinsa,
aka ja a gonar gero a Kwadon don korar tsuntsu.
An ce in iska ta taso yana gunji.
Ban je na ji ba.

Da damina ya tafi, ana yayyafi.
Sahu biyu, na biyun bai cika ba.
Jita ta koma murhu ko bola, ban sani ba.
Bakin kwalbar yana aljihuna,
ya sha huda mini riga.

Bara a Pantami, ina jiran gyaran waya,
wani yaro na danna fiyano a shago.
Ya ja sauti ya lanƙwasa shi,
ya makara, ya bar ramin nan.
Na ce, yaro, wa ya koya maka?
Ya ce ba kowa,
haka kakata ke gunguni in tana tankaɗe.
Na ce, tana tuya a tasha?
Ya ɗago kai yana kallona.

Na taɓa aljihu.
Mai gyara ya ce wayata ta yi.